Shin Ɗan Zango Yana Shuka?

  

Kwanakin baya mun umurci ɗalibanmu kowa ya zo da tsohon galan, irin rawayen nan da ake kira galan ɗin Kufuor, a yanke shi, a cika da ƙasa da takin awaki, a shuka alefu da ayoyo a bayan aji. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, mu 'yan haya ne, gobe mai gida yana iya cewa mu tashi. Don me za mu saba da shuka abin da wani zai ci?" Aji ya fashe da dariya. Mu kam ba mu yi dariya ba, domin yaron ya faɗi abin da yake zuciyar manya da yawa.

Ku dubi sunanmu ma. Zango shi ne inda fatake suke sauke kaya su kwana, da asuba su ɗaura su wuce. Kakanninmu goro ya kawo su Salaga, kuma bayan yaƙin basasar garin a 1892 da yawa suka watsu zuwa Kumasi da wasu garuruwa. Matafiyi ba ya dasa mangwaro. Sannan a 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasa, mutane suka bar gidaje da shaguna suka tafi. Wanda ya ga wannan da idonsa, in ya koya wa jikansa cewa dukiyar kirki ita ce wadda za a iya ɗaurewa a ɗauka, ba mu ga laifinsa ba.

Amma tambayar yaron tana ɗauke da wani zato, wato shukar da mai ita bai ci ba asara ce. Nan ne muka rabu da shi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik hadisin da ma'anarsa ita ce, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi, sadaka ce gare shi. Imam Ahmad kuma ya kawo wanda yake kwaɗaitar da dasa ɗan itacen da yake hannu ko da Alƙiyama tana shirin tsayuwa. Wane mai gida ne korarsa ta kai wannan gaggawa? Kuma mu kanmu, inuwar darbejiyar da muke zama a ƙofar masallaci, wa ya san sunan wanda ya dasa ta? Shekara nawa muna cin gumin mutanen da ba su jira girbi ba.

Tun da Larabci muke koyarwa, bari mu ɗan ratse. Kalmar falah, wato babban rabo, wadda ladan yake kiranmu zuwa gare ta sau biyar a yini, tushenta ɗaya da fallah, manomi. Asalin ma'anar ita ce tsaga ƙasa. Muna faɗa wa ɗalibai wannan ne saboda wasunsu suna ganin wanda ya riƙe littafi ya fi ƙarfin fartanya.

Ba za mu ruɗe ku ba: galan goma na alefu ba za su ciyar da gida ba, shinkafa da masara sai kasuwa. Sai dai ƙasar nan ta sha ganin amfanin ɗan lambun bayan gida. A 1972 gwamnatin Acheampong ta kawo shirin nan na ciyar da kai, aka yi ta noma a bayan gidaje da filayen makarantu. A 1983 fari da gobarar daji suka haɗu da dawowar 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya daga Najeriya. Ku tambayi iyayenku yadda kwano ya kasance. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, a 2023 kuma da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulki albasa ta yi tashin gwauron zabi. A irin waɗannan ranaku, matar da take da ganyen miya da barkono a bakin ɗakinta ta rage rabin damuwar yini, har ta miƙa wa maƙwabciya. Alefu kuwa wajen wata ɗaya ake fara tsinka, kuɓewa wajen wata biyu. Ɗan haya ma zai ci kafin a kore shi, in an kore shi kuma ya ɗauki galan ɗinsa.

Waɗanda suka fi ba mu mamaki su ne 'yan'uwan da Allah ya buɗa musu suka bar cunkoson Nima da Aboabo, suka sayi fili a Kasoa ko Amasaman ko bayan garin Kumasi. Fili ƙafa 100 da 70, takarda a hannu, babu mai korarsu, amma sai su malale tsakar gidan da siminti tun daga ƙofa har bango. Babu zogale ko ɗaya, ruwan sama ya rasa inda zai shiga sai gidan maƙwabci. Mene ne uzurinsu?

Akwai dai iyaka. Filin wani da bai gina ba, a nemi izininsa kafin a sa fartanya, kyakkyawar niyya ba ta halatta ƙasar mutane. Kada a shayar da ganyen da za a ci da ruwan kwata. Sai kuma batun awaki, wanda a zango yake iya raba zumunci. Hukuncin da ya zo a Muwaɗɗa game da raƙumar Bara'u ɗan Azib shi ne, tsaron lambu da rana yana kan mai lambu, ɓarnar dare kuwa mai dabba ne zai biya.

Namu na bayan aji da azahar akuya ta shigo ta cinye galan bakwai. Ɗalibai suka taso za su je wurin mai ita, muka tsayar da su, domin da rana ne, mu ne ba mu yi shinge ba. Yaron nan mai tambaya shi ya kawo karan da muka kewaye sauran da shi.