Shaidar Da Ake Kaiwa Jiniba Daga Titin Kotu Take Tasowa

Godiya ta tabbata ga Allah Mai adalci, wanda ya haramta wa kansa zalunci, ya kuma haramta shi a tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a ranar 23 ga Janairun 2024 wakilan gwamnatin Nijeriya sun zauna a Jiniba ta ƙasar Suwizalan, gaban Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sauran ƙasashe suna binciken yadda ƙasar nan take riƙon mutanenta. Wannan shi ne karo na huɗu, bayan na 2009 da 2013 da 2018. Ba Nijeriya kaɗai ake yi wa haka ba. Tun daga 2008 ƙasashe, har da Saudiyya da Nijar, sukan gurfana idan layi ya zo kansu, wato duk bayan shekara huɗu da rabi. Ana dogara da takardu uku ne: rahoton gwamnati mai shafi 20, da abin da hukumomin Majalisar suka tattara, da kuma taƙaitawar abin da ƙungiyoyin jama'a na cikin ƙasa da na waje suka rubuto. Zaman kansa awa uku da rabi ne. Shawarwarin da aka ba Nijeriya a wannan karo sun haura 300.

To, wasu malamai da almajiransu sukan kau da kai daga wannan al'amari, su ce kayan Nasara ne. Suna da hujja ta wani gefe, domin a cikin shawarwarin akwai waɗanda suka saɓa wa Shari'a ƙiri-ƙiri, kamar kiran a halatta auren jinsi ɗaya. Amma ƙa'idar zaman ta bai wa ƙasa ikon ta karɓi shawara ko ta ƙi ɗaurawa kanta ita, kuma Nijeriya ba ta karɓi irin waɗannan ba. Galibin sauran kuwa magana ce kan azabtarwa, da tsare mutum ba tare da shari'a ba, da karatun yara, da lafiyar mata masu haihuwa. Wane malami ne zai ce Musulunci bai riga kowa yin magana a kan waɗannan ba?

Kafin aiko Manzon Allah, wani fatake daga Yaman ya kawo haja Makka, Asi ɗan Wa'ilu ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Baƙon ya hau dutse ya yi kukan zalunci, sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana suka yi alkawari za su tsaya wa duk wanda aka zalunta, ɗan gari ne ko baƙo, har haƙƙinsa ya koma hannunsa. Shi ne ake kira Hilful Fuduli. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya halarci taron yana matashi, ya kuma yabe shi bayan zuwan Musulunci, ya nuna da za a kira shi ga irinsa da ya amsa. A lura fa, mahalartansa masu bautar gumaka ne, kuma ba sarki ya tara su ba. Sayyidina Umaru kuwa yakan tara gwamnoninsa a lokacin aikin hajji, ya buɗe ƙofa ga duk mai ƙara a kansu, ya kuma aiki Muhammadu ɗan Maslama ya je ya gano gaskiyar abin da aka faɗa. Bai taɓa wadatuwa da bakin gwamna kaɗai ba.

Mai son ganin abin da ake tattaunawa a Jiniba da idonsa ba sai ya hau jirgi ba. Ya tafi Titin Kotu a Gyadi-Gyadi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, inda Babbar Kotun Tarayya da kotunan majistare suke. Da hantsi zai ga motar gidan yari ta sauke mutane daga Kurmawa ko Gwauron Dutse, iyaye mata suna rakuɓe a gindin bishiya da ƙunshin abinci. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen yarin Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Cikinsu akwai mai laifi, babu shakka. Akwai kuma wanda rashin mai tsaya masa beli ne kawai ya zaunar da shi, har ya shafe abin da ya fi wa'adin da za a ɗaure shi da an same shi da laifin.

Ba dokoki ne babu ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu cikin nisan kilomita 40. Dokar 2017 ta mai da azabtarwa laifi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, kamar a riƙe uba don ɗa ya gudu, ta hana kama mutum kan rigimar bashi zalla, ta kuma ɗora wa majistare ziyarar caji ofis duk wata. Alƙali Abu Yusufa, almajirin Abu Hanifa, ya riga ya ba Haruna Rashidi irin wannan shawara a littafinsa na haraji: a riƙa duba al'amarin fursunoni a kai a kai, a ciyar da su daga baitulmali, a saki wanda babu hujja a kansa. A rahotonta gwamnati za ta jera dokokin da ta kafa, kuma gaskiya ta faɗa. Abin da ba za ta iya faɗa da kanta ba shi ne ko majistaren ya je a watan jiya, da kuma kwana nawa yaron Tarauni ya yi a kulle kafin ya ga alƙali.

Wannan ita ce shaidar da ta rage a wuyan jama'a. Aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta umarci muminai da tsayuwa kan adalci da ba da shaida saboda Allah, ko da a kan kansu ne ko iyayensu. Ƙarshen Suratul Baƙara kuma ya yi gargaɗi kan ɓoye shaida. Sai dai shaida tana da sharuɗɗa, kuma a nan ne wasu 'yan ƙungiyoyi suke zamewa. Wanda ya kumbura adadi don ya burge mai ba shi tallafi daga waje, shaidar zur ya yi, ko da a kan azzalumi ya yi ta. Wanda kuma ya ga an gyara wani abu, kamar dokar kare yara da Jihar Kano ta sa wa hannu a 2023, ya ƙi ambatawa don adawa da masu mulki, ya tauye mudu.

Ƙofar a buɗe take ga kwamitin masallacin Juma'a, da ƙungiyar mata Musulmi irin FOMWAN, da lauyoyin da ke aikin sa kai, domin ba a sharɗanta wa ƙungiya ta zama mai rajista da Majalisar Ɗinkin Duniya kafin ta rubuta ba. Ƙungiya ɗaya tana da damar kalmomi 2,815, haɗin gwiwa kuwa 5,630, ana aikawa wajen wata shida kafin zama. Abin da ake bukata littafi ne da alƙalami, da mutum biyu adalai da za su riƙa zama a Titin Kotu suna rubuta ranar kamu, da ranar gurfanarwa, da sau nawa aka ɗage shari'a, da dalilin ɗagewar. Kafin takardar ta isa Jiniba, sai a fara miƙa kwafinta ga Babban Jojin Jiha, wanda doka ta ba ikon shiga gidan yari ya saki wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba.