Duniya Rawar 'Yan Mata Ce, Na Gaba Ya Koma Baya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandali da dare ya san inda Bahaushe ya samo wannan magana. 'Yan mata sun jeru, makaɗi na kaɗa kalangu, wadda ke gaba tana taƙama, ido duk a kanta. Da kiɗa ya juya sai layi ya juya, ta gaba ta tsinci kanta a ƙarshe. Ba laifi ta yi ba, haka rawar take. To haka duniya, in ji magabata.

Babu inda ake ganin gaskiyar wannan karin magana ƙarara kamar filin ƙwallon ƙafa. A dubi Haruna Babangida, haifaffen Kaduna a 1982, ƙanen Tijjani Babangida wanda ya ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. A shekarar 1998, Haruna yana ɗan shekara 15 kacal, koci Louis van Gaal ya sa shi a wasan sada zumunci tare da manyan 'yan wasan Barcelona. A ƙaramar ƙungiyar Barcelona ya yi zamani da irin su Xavi da Puyol, kuma a lokacin sunansa ne a bakin masu kallo. Amma kiɗa ya juya. Xavi da Puyol suka ɗaga kofin duniya a 2010, shi kuwa bai samu gurbi a babbar ƙungiyar ba. Ya yi ta yawon neman sa'a daga Yukren zuwa Girka, har ya ƙare a tsibirin Malta.

Ban kawo labarinsa don zargi ba. Hazaƙa kam Allah ya ba shi. Sai dai hazaƙa ba ta ɗaure zamani. Rauni guda a gwiwa, ko sauyin koci, ya isa ya mayar da gwani benci.

Karin maganar kuma tana da fuska ta biyu, wadda mu mutanen Maiduguri muka gani da idonmu. Ƙungiyarmu ta El-Kanemi Warriors ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1991 da 1992. Daga nan aka shiga shekaru na fari, har da faɗawa rukuni na ƙasa. Sai a 2024 ta sake ɗaga kofin, bayan shekara 32. Ashe idan na gaba ya koma baya, na baya ma yakan dawo gaba, muddin bai fice daga dandalin ba.

Kullum da la'asar sakaliya nakan ga yaran unguwar Lamisula suna tayar da ƙura a fili, duwatsu biyu ne ragarsu, kowa da sunan gwanin da ya laƙaba wa kansa. Ina son wannan buri nasu, ina kuma jin tsoro dominsu. Rayuwar ɗan ƙwallo a fili gajera ce, da wuya ta wuce shekara goma sha biyar, sauran rayuwa kuwa tana nan tana jira.

Don haka, ƙanena mai takalmin ƙwallo, ka buga iya ƙarfinka, amma kada ka saki allo da littafi, ka kuma koyi sana'ar hannu. In kana gaba ka girmama na baya, in kana baya kada ka yanke ƙauna. Iyaye da masu horarwa, ku faɗa wa yaran nan gaskiya tun kiɗa bai juya ba.