Zanzaro a Ƙarƙashin Kofi: Kisa ko Saki?

Ranar wata Asabar cikin damina, muna fama da wani gajeren labari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai zanzaro ya shigo ɗakin ya dame mu da ƙugi. Ya je taga ya dawo, ya kewaya kantar littattafai, ya sake komawa taga yana ta bugun gilashi da kai. Da ya sauka a kan tebur sai muka yi wuf muka kife shi da kofin gilashi. To, daga nan ne magana ta taso. Da a ce da takalmi muka same shi, da tuni an wuce wurin, domin a irin wannan hali hannu yakan riga tunani yanke hukunci. Amma ga shi a tsare, ba inda za shi, mu kuma ba abin da ke hanzarta mu. Mu murƙushe shi, ko mu kai shi waje?

Mai karatu yana iya cewa wannan ai ba abin ɓata takardar mujalla ba ne, ga matsalolin duniya jibge. Muna da hanzari. Da wuya talaka irinmu ya sami cikakken iko a kan wani rai, ikon da babu ɗan sanda, babu alƙali, babu maƙwabcin da zai nemi ba'asi. A kan ƙwaro kaɗai muke samun irin wannan sarauta, kusan kullum, kuma ba mu taɓa zama mun tambayi kanmu yadda muke tafiyar da ita ba.

Bari mu fara sallamar mai sauƙin. Sauro ba ya cikin wannan shari'a. Tun 1897 da likitan nan ɗan Birtaniya, Ronald Ross, ya ga ƙwayar cutar zazzaɓin maleriya a cikin tumbin sauro a can Indiya, aka san da wa ake faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 cutar ta kashe mutum kusan 600,000, wajen kashi 30 cikin ɗari daga cikinsu a Nijeriya, kuma galibinsu ƙananan yara ne. Uban da ya ga sauro a gefen jaririnsa ya tsaya jinƙai, bai ajiye jinƙan a inda ya dace ba. Sai dai mu lura da wani abu: macen sauro ce kaɗai ke cizo, kuma jinin da take sha don ƙwanta ne, ba ta da wata ƙullalliya da mu. Ke nan muna kashe ta ne don tsare kai daga cutarwa, ba domin ta aikata laifi ba. Haka kunama, wadda shari'a ta halatta kashe ta ko da mutum yana cikin harami.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mun ɗauki hukuncin sauro mun shimfiɗa a kan duk wani mai ƙafa shida. Masana sun raɗa wa nau'in ƙwari wajen miliyan 1 suna, kuma 'yan kaɗan ne daga ciki ke cutar da ɗan Adam. Kakanninmu sun san bambancin, shi ya sa harshenmu ya tanadi sunaye: gyare, buzuzu, ƙoƙi-ƙoƙi, cinnaka, shinge, rina, malam-buɗe-littafi. Yau ɗan birni in ya ga kowanne sai ya ce "ƙwaro", ya miƙa hannu ga takalmi. Mu marubuta muna da kaso a wannan laifi, domin a labaranmu tsuntsu tsuntsu ne kawai, itace itace ne, ba mu damu mu ce kurciya ce ko hasbiya, marke ne ko gawo ba. Wanda bai san sunan abu ba da wuya ya san halinsa. Alal misali, mutane da dama suna yi wa zanzaro kallon rina. Rina kuwa zaman gayya take yi, in ka taɓa gidanta sai ta tara maka dangi. Shi zanzaro shi kaɗai yake harkarsa, kuma ba kasafai yake harbin mutum ba sai in an damƙe shi. Abin da muka sani game da shi bai wuce siririn ƙugunsa ba, wanda muka ara muka ce ɗan makaranta ya yi zanzaro.

Akwai wani hadisi da Buhari da Muslim suka ruwaito, na wani Annabi da ya sauka a gindin bishiya tururuwa ta cije shi, ya sa aka ƙone gidan tururuwar baki ɗaya, sai Ubangiji ya yi masa wahayi na gyara, a kan me za a hallaka al'umma guda saboda cizon ɗaya. Abu Dawuda kuma ya ruwaito hani ga kashe wasu halittu huɗu, ciki har da tururuwa da ƙudan zuma. Duk lokacin da muka rufe ɗaki muka yayyafa fiya-fiya saboda sauro biyu, da safe mu share gawarwakin gyare da gizo-gizo da ba su ji ba ba su gani ba, wannan ƙissa ya kamata ta faɗo mana a rai. Balle ma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu ne muka bar ruwa kwance a tsohuwar taya, muka bar kwanon tuwo a buɗe, muka kunna fitila taga a wangale.

Wani zai ce, to shi ƙwaron ma ya san ana yi? An daɗe ana ɗaukarsa tamkar ɗan inji, wanda aka taɓa ya motsa. Binciken baya-bayan nan ya sanya shakka a wannan. A 2022, a ɗakin binciken Farfesa Lars Chittka na Jami'ar Queen Mary da ke Landan, an ga wani nau'in ƙudan zuma mai kauri yana mirgina 'yan ƙwallayen katako sau da dama ba tare da an ba shi ladan komai ba, abin da ya yi kama da wasa. A wani gwajin kuma an ɗumama mazubin ruwan sukari, ƙudajen suka guje shi, amma da ya zamana nasa ya fi na sauran zaƙi sai suka daure suka sha. Wanda ke auna wuya da riba haka, da wuya a ce babu kowa a ciki. A watan Afrilu na 2024 wasu masana kimiyya da falsafa suka sa hannu a wata sanarwa a birnin New York, cewa akwai yiwuwar gaske ƙwari suna ji a jikinsu. Yiwuwa suka ce. Amma idan kuɗin da za mu biya don kauce wa zalunci bai wuce taku goma zuwa bakin ƙofa ba, ai yiwuwar ma ta isa.

Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa alƙalancinmu tsarkakakke ne. Malam-buɗe-littafi muna buɗe masa taga domin yana da kyau, kyankyaso kuwa tun kafin mu tuna ƙazantar da yake kwasowa zuwa kan abinci, ƙyama ta riga ta kashe shi. Haka muke yi a littattafanmu na soyayya, inda kyakkyawa ce kullum mai gaskiya, mummuna kuwa muguwar kishiya.

Shi kansa fursunan namu ba waliyyi ba ne. Wannan ɗakin laka da zanzaro ke ginawa a kusurwa rumbu ne. Yakan kamo tsutsa, wani nau'in kuma gizo-gizo, ya harbe su da dafin da zai shanye musu jiki ba tare da ya kashe su ba, ya cusa su ciki, ya saka ƙwai ya liƙe. In ɗan ya ƙyanƙyashe sai ya tarar da nama ɗanye, da ransa. Irin wannan ɗabi'a ta wasu dangin zanzaro ta dami Charles Darwin har ya koka da ita a wata wasiƙa da ya rubuta a 1860. Saboda haka in mun sake shi mun yanke wa tsutsotsi hukunci, tsutsotsin kuma su ne masu cin ganyen amfanin manomi. Wannan lissafi ba ya ƙarewa, kuma ba mu aka ɗora wa shi ba. A ganinmu abin da ke wuyanmu shi ne hannunmu: akwai cutarwa ta haƙiƙa, kuma babu hanyar kauce mata sai kisa? A kan zanzaron nan amsar ita ce babu cutarwa, sai ƙugi da ɗan tsoro.

Muka zura takarda a ƙarƙashin kofin, muka fita tsakar gida muka ɗaga. Ya yi jim, sa'an nan ya tashi ya haye katanga. Muka dawo ɗaki muna jin kanmu mutanen kirki.

Sai da muka je ɗauko ƙamus don duba wata kalma muka gane abin da ya kawo shi, ko kuwa mu ce ya kawo ta, tunda mace ce ke ginin. A saman ƙamusun Bargery, wanda aka fara bugawa a 1934, ga ɗakunan laka uku a jere sun haɗe bakin shafukan, biyu a liƙe, ɗaya ba a gama ba, lakarsa da sauran danshi. Ba a buɗe littafin sai an fasa su. 'Ya'yan da ke ciki suna bukatar makonni kafin su fito, ƙamusun kuwa aro ne, mai shi ya ce ranar Juma'a zai aiko a karɓa.