Me Zai Shiga Gafaka, Me Za a Bari a Waje?

Ranar kasuwa a Dungas, mai sayar da littattafai yakan jera kayansa bisa wani tsari da ba wanda ya rubuta masa. Alƙur'ani yana can sama kan akwati, an lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙura. Ƙasa da shi Ahalari ne da Ishmawi da Iziyya da Risala. Can bakin tabarma, inda rana ta fi duka, nan ake zube sauran: labaran soyayya da suka tsallako iyaka daga Kano ta Maigatari, da tsohon littafin labarin ƙasa na Faransanci wanda wani ɗan lakwal ya gama da shi. Mai saye in ya ɗauki na sama, da hannu biyu yake ɗauka. In na bakin tabarma ne, sai ya ɗan waiga, ya naɗe ya soka aljihu.

Ba musulmin da ke jayayya kan matsayin Alƙur'ani. Gardamar tana kan sauran. Littafin da ke ba da labarin teku, ko ya kwatanta duwatsu da koguna, ko ya koyar da saƙa da rini, shi ma ilimi ne da ake neman lada da shi, ko kuwa abin kashe lokaci ne da aka yi wa uzuri kawai?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa magabata sun rufe wannan ƙofa. Littattafan da magabatan suka bari ba haka suka nuna ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buɗe Ihya'u Ulumiddin da babin ilimi, kuma a nan ya sa likitanci da lissafi cikin farilla kifaya, wato aikin da in wasu suka yi ya faɗi a kan kowa, in duk gari ya bari duk gari ya yi laifi. Bai tsaya nan ba, ya haɗa da noma da saƙa da ɗinki, har da ƙaho irin na wanzamai. Bisa wannan ma'auni, garin da ke da malaman fiƙihu goma amma ba masaƙi ko ɗaya yana da bashi a wuyansa.

Batun ƙagaggen labari ya fi ban mamaki. Almajirin da ya yi nisa a karatun zaure, daga Damagaram har Zazzau, yakan kai ga Muƙama, wato Maƙamat na Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122. Hikayoyi ne guda 50 game da wani tsohon mayaudari, Abu Zaidi, wanda yau ya fito da rigar mai wa'azi, gobe da ta makaho, ya tatsi aljihun jama'a da daɗin baki ya sulale. Malam yana zaune kan buzu yana fassara wayon wannan ɗan duniya kalma bayan kalma, ɗalibai suna murmushi suna sa wasali. Ba wanda ya tashi ya ce ƙarya ake karantawa a zauren malam, domin kowa ya san abin da ake nema a ciki, wato zurfin Larabci da sanin halin mutane. Ƙarya ita ce a faɗa wa mutum abu don ya ɗauka gaskiya ne. Tsohuwar da ta fara da ga ta nan ga ta nanku ta riga ta gaya wa jikokinta cewa Gizo ba maƙwabcinsu ba ne.

A fannin sanin ƙasa kuwa, shaida tana Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, kuma kafin ya shiga tarihin jihadi sai da ya bi ƙasashen Takruru ɗaya bayan ɗaya yana kwatanta su da mutanensu. Da Baturen nan Kilafaton ya zo a 1824, Bello ya ba shi taswirar yankin. Da ya dawo a 1826 da kyautar littattafan Larabci, har da lissafin Uƙlidis na Girkawa, Sarkin ya yi murna, ya ce suna da kwafinsa da aka kawo daga Makka amma gobara ta cinye. Shekaru da dama kafin wannan, wani Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, ya shahara a Alƙahira da rubuce-rubucensa kan hatimai na lambobi, kuma can ya rasu a 1741.

Teku fa? Daga Dungas zuwa bakin teku mafi kusa akwai sama da kilomita 800, kuma akwai tsofaffin da suka tafi kabari ba su ga ruwan da ya fi tabkin damina ba. Duk da haka yaron makarantar allo ya san jirgin Annabi Nuhu, ya san kifin Annabi Yunusa, ya san jirgin talakawan nan da aka huda a cikin suratul Kahfi. Ya kuma ji labarin Sindibadu daga Dare Dubu da Ɗaya, wanda aka buga da Hausa tun 1924. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne, ɗaya daga cikin Hausawan farko da aka rubuta labarin tafiyarsu a teku da Hausa ɗan wannan yanki ne. Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance, an kama shi bawa yana yaro, aka ƴanta shi a Kukawa, ya bi Bajamushe Barth ya ƙetare hamada da Bahar Rum har Landan a 1855. Labarinsa da ya ba mishan Schön ya fito cikin Magana Hausa a 1885, har da yadda ya ga Ingilishi suna cin abinci. Ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912.

Saƙa da rini da surfani su ne aka fi zalunta, domin da wuya a sami littafinsu da Hausa. Ilimin yana hannu ne. Dubi gardin da ke zaune ƙarƙashin bedi bayan karatun safe, hula a kan gwiwa, allura a baki, yana ƙirga zare kafin ya soka. Irinsa ne, masu hannun riƙe alƙalami, suka daɗe suna zana aska biyu da aska takwas a kan babbar riga kafin maɗinki ya bi da zare. A marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, tsoho yakan san ruwan baba ya nuna ta kumfa da wari. Barth ya ga tufafin Kano a 1851 suna tafiya har Tambutu da Tarabulus. Yau yadin kanti ya cika kasuwa, masaƙi yana mutuwa da abin da ya sani, kuma ba a jin mai wa'azi yana kiran wannan asarar farilla.

Masu ƙyamar littattafan bakin tabarma ba su rasa hujja ba. Akwai littafin da ba abin da ke cikinsa sai batsa, akwai kuma yarinyar da tukunya ta ƙone mata tana labarin Alhaji da amaryarsa. Ƙyamar ma ba sabuwa ba ce. Lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, wasu malamai sun ga ƙaga labari ƙasƙanci ne ga mai ilimi, amma daga gasar ne aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 2007 gwamnatin Kano ta ƙone tarin littattafan hikaya a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. A ranar 16 ga Janairun 2015, cikin zanga-zangar fushi kan zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) da wata jaridar Faransa ta buga, an cinna wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar wuta a Damagaram, ɗakin karatunta ya tafi a ciki. Fushin yana da dalili, sai dai wutar ba ta tsaya tantance littafin lissafi daga waninsa ba, kuma ɗaliban garin ne suka wayi gari ba wurin karatu.

Matsalar hukunci da jinsin littafi ita ce yana hutar da mutum daga karantawa. Labarin soyayya na iya zama shirme, na iya kuma zama Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya faɗi abin da matan da aka saka da ƴaƴa suka daɗe suna haɗiyewa. Littafi mai rubutun Larabci na iya zama fiƙihu, na iya kuma zama tarkacen tsibbu. Gazali da Bello amfani suka duba, da niyyar mai karatu, da abin da littafin ke hana shi yi na wajibi.

In aka bi su, aikin da ke gaban Dungas da Magariya a fili yake. Liman da mushen lakwal su daina raba yara gida biyu, iyaye su karanta abin da ƴaƴansu ke karantawa kafin su ƙwace, ɗaliban Jami'ar André Salifou kuma su ɗauki takarda da alƙalami su zauna gaban masaƙan da suka rage a Wacha da Malawa da Guci, su rubuta da Hausa tun masu abin suna da rai.