Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Ba: Mu da Rubuta Wasiyya

Omar Bongo ya mulki Gabon tun daga 1967 har zuwa ranar 8 ga Yuni 2009, da ya rasu a wani asibiti a Barcelona ta ƙasar Sifaniya. Ya musulunta a 1973, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa Alhaji Omar ake kiransa. Ya bar magada fiye da hamsin, da gidaje a nan Libreville da Faransa, da wani kamfani mai suna Delta Synergie da ke da hannun jari a harkoki barkatai na ƙasar nan. Shekara shida bayan an binne shi ba a gama rabo ba. A 2015 wata 'yarsa, Onaida Maisha, ta je kotu a birnin Nantes tana neman a nuna mata takardar haihuwar yayanta Ali, wanda ke kan kujerar uban nasu a lokacin, saboda jita-jitar cewa ɗan riƙo ne da aka ɗauko daga Biyafara. Ali ya musanta. A shekarar dai ya sanar cewa ya bar wa matasan Gabon kasonsa na gadon. A 2022 kuma alƙalan Faransa suka fara tuhumar wasu daga cikin 'ya'yan kan gidajen da uban ya saya a can.

Ba wai bai bar ko takarda ɗaya ba. Jaridun Faransa sun ruwaito cewa ya fifita biyu daga cikin 'ya'yansa, Ali da Pascaline. Abin da ya tafi da shi kabari shi ne amsar tambayoyi biyu: mene ne nawa, su wane ne nawa. Mu Hausawan da ke neman abinci a wannan gari mukan ba da labarin muna girgiza kai, alhali waɗannan tambayoyi biyu su ne suke jiran iyalin kowane ɗayanmu.

In ka yi wa ɗan kasuwa a Mont-Bouët maganar wasiyya, amsar da zai fara ba ka ita ce Allah Ya riga Ya raba gado, me kuma zan ƙara? Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun yanka wa kowane magaji kasonsa, kuma ba wanda ya isa ya taɓa. Sai dai malamin da zai raba, abin da aka ajiye a gabansa yake rabawa. Ba ya iya raba filin da aka saya da sunan wani aboki ɗan ƙasa don gudun wahalar takardu. Ba ya iya fitar da ajiyar da wani mutumin Maraɗi ya ba ka shekara takwas da suka wuce ba tare da shaida ba, wadda yanzu ta cakuɗe da jarinka. Shari'a ta ce a fara da hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. To bashin da ke cikin kan mamaci kaɗai, wa zai biya? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Hadisin Ibn Umar kuma ya nuna bai kamata mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba.

Amsa ta biyu ita ce camfi, wai rubuta wasiyya kiran mutuwa ne. Ban cika yarda cewa wannan ne dalilin ba. Mutumin da ke bin gawa zuwa maƙabarta duk wata, wanda wataƙila ya zo da likkafaninsa daga Makka ya ajiye a akwati, ba ambaton mutuwa ne zai firgita shi ba.

A ganina abin da muke gudu shi ne tonon asirin kanmu da hannunmu. Wasiyya ba ta rubutuwa sai mutum ya zauna ya faɗi gaskiya. Sai ya rubuta cewa shagon da ake masa kirari da shi, rabin jarin na ƙaninsa ne. Sai ya rubuta cewa akwai mace da yara biyu a wata unguwa waɗanda uwargidan da ke Katsina ba ta taɓa jin labarinsu ba. Wani kuma abin da yake ɓoyewa shi ne babu: ana masa kallon mai miliyoyin sefa, a gida ana ta aiko masa da buƙatu, shi ko ya san in aka cire bashi saura kaɗan ne. Mun taso ana ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma rufin asiri shi muke roƙo a kowace addu'a. Ban raina wannan ba, da shi ake zaman mutunci a baƙon wuri. Amma asirin da mutum ya rufe wa kansa yana da rai, a gaban surukai da maƙwabta ake buɗe shi rana ta uku da rasuwarsa, kuma matarsa da 'ya'yansa ne suke shan kunyar.

Akwai kuma son riƙe ragama, wanda a nan ne talaka da shugaban ƙasa suka yi kama. Muddin ba wanda ya san iyakar abin da maigida ya mallaka, kowa na lallaɓa shi. Ɗa ba ya ɗaga murya, yaron shago ba ya tafiya. Duhun da ya bari shi ne sandarsa.

Zaman ƙasar waje ya ƙara wa lamarin nauyi. Kotun Gabon da dokar ƙasa take aiki, wadda aka ɗora bisa tsarin Faransa, ba da littafin fara'ili ba, kuma takarda take tambaya. Auren da aka ɗaura a masallaci da goro da shaidu, in ba a kai shi ofishin magajin gari ba, matar za ta sha wahala kafin ta tabbatar da matsayinta. Banki ma ba zai saki kuɗi don liman ya ce ya san iyalin ba. Sannan akwai waɗanda rabon gado ba ya kaiwa gare su sam, sai dai ta ƙofar sulusin da Annabi (SAW) ya yarje wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas lokacin da ya so ya bayar da fiye da haka. Matar da aka aura Kirista 'yar ƙasa ba ta gado a fiƙihu. Jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa, baffanninsa kan shamakance shi. Yaron da aka ɗauko daga ƙauye ya yi shekara ashirin yana buɗe shago da asuba ba shi da ko sisi. In maigida bai ambace su ba, sai abin da magada suka ga dama.

Wani dattijo ya taɓa ce mini in ya rubuta, 'ya'yansa za su fara ƙirga masa kwanaki. Ban ce ƙarya yake ba, ya fi ni sanin gidansa. Amma ba wanda ya ce a karanta takardar a tsakar gida. A rubuta ta da ajami ko boko, da fassarar Faransanci, shaidu biyu su sa hannu, a rufe. Kwafi ɗaya wurin liman, ɗaya wurin notari, wato jami'in da hukuma ta yarda da hatiminsa a kan takardun dukiya. In an yi sabon aure ko haihuwa, ko an sayar da fili, a sake ta. Wanda ya iya riƙe littafin bashin shago, ya san wa ya karɓi buhun shinkafa ranar Talata bai biya ba, shafi biyu ne kawai za a ƙara masa: ɗaya na abin da ke hannunsa da masu shi, ɗaya na sunayen matansa da 'ya'yansa da garin da kowanne yake.