Handasa Farilla Kifaya Ce, Wa Muka Hana Ɗaukarta?

Malaman fiƙihu, Allah Ya yi musu rahama, tun tuni suka kasa wajibai kashi biyu: akwai wanda ke kan wuyan kowane baligi mai hankali shi kaɗai, kamar salla da azumi, wanda babu mai ɗauke wa wani, akwai kuma wanda aka ɗora wa jama'a gaba ɗaya, wanda idan wasu suka tsaya da shi har buƙata ta biya nauyi ya sauka daga kan saura, idan kuwa aka rasa masu tsayawa da shi, ko aka samu amma ba su wadatar ba, to laifi ya hau kan duk mai iko a garin. Mu dai mun fi jin wannan kashi na biyu a wurin jana'iza, har da yawa daga cikinmu suna zaton farilla kifaya ba ta wuce wankan gawa da likkafani da salla ba. Alhali Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, a farkon littafinsa Ihya'u Ulumiddin ya shigar da likitanci da lissafi da noma da saƙa, har da ƙaho, cikin wannan babi, bisa hujjar cewa duk abin da zaman duniya ba ya daidaita sai da shi, to saninsa wajibi ne a kan al'umma. Ya kuma koka da garuruwan zamaninsa, inda ake rasa likita Musulmi ko ɗaya, ga ɗalibai kuwa sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani waɗanda masu amsa su sun riga sun yi yawa.

Idan aka auna ilmin handasa, wato aikin injiniya, da wannan ma'auni, ba na jin akwai malamin da zai yi jayayya a kan hukuncinsa, musamman idan ya taɓa ratsa Fagge da damina. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. A watan Agustan 2022 ruwa ya malale Kantin Kwari ya jiƙa atamfofi da shaddodi na dukiya mai yawa, kuma kafin watan ya fita wani bene da ake ginawa a titin Beirut, inda kasuwar wayoyi take, ya rufta a kan mutane. Mumini yana karɓar waɗannan a matsayin ƙaddara, haka ne. Amma imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa kowa nauyin riƙo da sababi ba, kuma wayar lantarki da aka ja ba bisa ƙa'ida ba, da magudanar ruwa da aka toshe, da ginshiƙin da aka rage wa ƙarfe, duk sababai ne da ilmi ke ganowa tun kafin su zama masifa. Kiyaye rai da kiyaye dukiya suna cikin manyan manufofi biyar na shari'a. Garin da ke binne mutane saboda rushewar gini, ba zai ce ya sauke wannan farilla ba.

To, a nan mas'alar take. Idan wajibi yana kan jama'a, kuma jama'a ba ta sauke shi ba tukuna, da wace hujja za ta tsaya a bakin ƙofa tana zaɓen wanda zai shiga ya taya ta ɗauka, ta mayar da rabinta gida don su mata ne, ta kau da kai daga wasu don su 'ya'yan talakawa ne, ko guragu, ko don kakanninsu daga Kudu suka zo?

Yana da kyau a tuna yadda injin ya shigo Kano, domin a nan aka fara karkata. Fagge tsohon zango ne na fatake, Buzaye da Larabawa, a wajen badala, tun zamanin raƙuma. Da layin dogo ya iso a 1911, sai ya zo da nasa mutanen: direbobin jirgi, da masu gyaran tukunyar tururi, da akawuna, mafi yawansu daga Kudu da ƙasashen bakin teku, aka kuma yanka musu Sabon Gari bayan shekara biyu ko makamancin haka, aka raba su da mutanen birni da gangan. Ta haka sanin injin ya zauna a unguwa guda, sanin littafi ya zauna a wata, kowanne yana kallon ɗan'uwansa a kaikaice. Ko da aka kawo ruwan famfo da lantarki a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, mutanen gari sun sha ruwan sun kunna fitilar, amma ba 'ya'yansu ne suka zana aikin ba. Makarantar 'yan mata ta farko da aka buɗe a Kano a 1930 kuwa, abin da aka tanadar musu a cikinta bai wuce karatu da rubutu da ɗinki da tsabtar gida ba. An daɗe a haka kafin Jihar Kano ta kafa hukumar makarantun kimiyya a 1977, ta buɗe Dawakin Kudu da Dawakin Tofa domin maza, sai a 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu ke cikin Jigawa. Yau ga tsangayar injiniya a Jami'ar Bayero, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da aka kafa a 2001, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, babu dokar da ta hana mace shiga ko ɗaya daga cikinsu; amma wanda ya leƙa ajin injiniyan ƙarfe ko na gine-gine ya ƙirga mayafai, ya san al'ada ta fi doka ƙarfi. Wannan kuwa ba namu ba ne mu kaɗai: ƙungiyar injiniyoyin Nijeriya da aka kafa a 1958 ba ta sami shugaba mace ba sai a 2024, lokacin da Margaret Oguntala ta hau, duk da cewa Joanna Maduka ta kafa ƙungiyar injiniyoyi mata tun 1982.

Ba zan raina hujjar iyayen da ke ɗari-ɗari ba, domin mafi yawansu ƙauna ce da tsoron Allah ke sa su. Uba yana cewa: karatun shekara biyar ne, bayan shi ga hidimar ƙasa, yaushe za ta yi aure? Uwa tana cewa: aikin rana ne cikin ƙarti, a wurin gini ko a masana'anta, ina mutuncin 'ya mace a nan? Malami kuma yana kawo batun cakuɗa maza da mata, yana cewa toshe kafar ɓarna ya fi jawo amfani. Wannan muhawara tsohuwa ce a ƙasarmu, an kuma riga an yi ta a tsakanin waɗanda suka fi mu ilmi da tsentseni. Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake yawon wa'azi mata suna halartar majalisinsa, wani malami mai suna Mustafa Goni ya zarge shi da haɗa maza da mata, sai Shehu ya umarci ƙaninsa Abdullahi ya mayar da amsa. Abin da amsar ta ƙunsa kuwa shi ne, su ba sa yarda da cakuɗa, suna hana ta, amma ko da an ɗauka akwai ta, barin mata cikin jahilci ya fi ta muni, kuma idan cuta biyu suka haɗu ana ɗaukar mai sauƙi domin a tunkuɗe mai girma. Shehu da kansa a Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai safe da yamma suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. Gaskiya ne ilmin addini yake nufi da farko. Sai dai ƙa'idar da ya gina a kai ba ta taƙaita ga fanni guda ba, kuma gidan da ya fitar da Nana Asma'u, wadda ta tsara 'Yan Taru ta tura malamai mata masu laƙabin jaji ƙauyuka suna karantar da mata har ta rasu a 1864, ba gidan da za a kafa hujja da shi wajen rufe ƙofa ba ne. Masana usulu sun ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Saboda haka idan tsoron cakuɗa ne ya tsayar da mu, abin da ya hau kanmu shi ne mu gina ɗakunan kwanan ɗalibai mata masu tsaro, mu ƙara makarantun fasaha na 'yan mata, mu horar da malamai mata, mu sauƙaƙa wa matar aure ta ci gaba da karatu daga ɗakin mijinta, kamar yadda da yawa ke yi a fannin likitanci ba tare da sama ta faɗo ba.

Likitancin nan ma abin lura ne. Mun yarda 'ya'yanmu mata su zama likitoci da ungozomomi, har limamai suna kwaɗaitarwa a kan mumbari, saboda mun ji zafin namiji ya duba al'aurar matanmu, muka gane larura da idonmu. Larurar handasa ba ta zo mana ta fuskar kunya ba, shi ya sa ba mu gan ta ba, amma tana nan a cikin gida inda ba ma kallo. A ƙofar gidaje da yawa na Fagge an rubuta "ba shiga", kuma injiniya namiji a soro yake tsayawa. Bai san inda hayaƙin murhu ke taruwa ya cika ƙirjin mai girki da goyon da ke bayanta ba. Bai ga yadda rijiya ta matso kusa da masai a gidan da aka rarraba shi gado bayan gado har tsakar gida ta zama lungu ba. Bai ƙirga jarkokin da 'yan ga-ruwa ke shigarwa kullum da kuɗin da matar ke cirewa daga ribar ƙuli-ƙulinta ba. Wanda ke zana gidaje da famfuna da murahu da wutar sola domin mutanen da bai taɓa ganin yadda suke wuni ba, zato yake yi, komai yawan takardunsa. Wadda za ta yi sallama ta wuce har ɗaki, ta zauna a tabarma ta tambaya, ta auna, ita ce ke da mabuɗin rabin garin. Ashe kullen da ake kafa hujja da shi don a hana mace wannan ilmi, shi ne ma ya fi wajabta a sami mata masu shi.

Batun cewa aikin ƙarfi ne kuwa, ba ya buƙatar doguwar amsa. Injiniya da lissafi da zane yake aiki, lebura ke ɗaukar bulo. Kuma matan da suka kaɗa zaren da masaƙa da marinan Kano suka tufatar da Sudan da shi ɗaruruwan shekaru, suka yi daɓen ɗakuna, suka matse man gyaɗa da hannu, ba yau za a ce musu ragwaye ba. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi jima take yi da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Ibnu Nadim a Fihrisat ya ambaci wata mace, al-Ijliyya, cikin masu ƙera usturlabi, kayan auna taurari, wadda ta yi wa Saifud Daula na Halab aiki a ƙarni na goma.

Sauran waɗanda aka bari a waje maganarsu ta fi ɗaci, domin su babu ma mai kawo hujjar addini a kan hana su, sakaci ne tsagwaronsa. Yaron gareji da ke sauraron ƙarar mota ya gaya maka ciwonta, da mai gyaran waya a titin Beirut wanda ke narka dalma a kan abin da ido ke gani da ƙyar, da mai naɗa kwayil ɗin janareto a France Road, duk suna da basirar da jami'a ke nema, abin da suka rasa shi ne lissafin sakandare da takardar da za ta shigar da su, kuma babu wata gada mai faɗi tsakanin rumfar ubangida da ajin kwaleji. A Kano akwai guragu, waɗanda shan-inna ta kama tun suna yara, da suka koyi walda suna ƙera kekunan hannu domin 'yan'uwansu. Sun gane matsala, sun zana, sun ƙera, sun gwada, wanda shi ne handasa tun daga tushe, amma ɗakin gwaje-gwajen da ke hawa na biyu ba shi da hanyar kekensu. Sa'an nan ga ɗan Sabon Gari wanda kakansa ya zo da jirgin ƙasa, an haife shi a nan, Hausarsa ta fi ta wasunmu, ruwan Kwari ya ci kayan ubansa kamar yadda ya ci na Alhaji, amma ranar neman tallafin karatu sai a tambaye shi takardar asalin jiha, a tura shi garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba. Haƙƙin maƙwabci a Musulunci bai tambayi ƙabila ko addini ba, kuma Alƙur'ani ya ba mu labarin Zulƙarnaini, wanda da zai gina katangar ƙarfe da narkakkiyar tagulla bai raina mutanen da da ƙyar suke fahimtar magana ba, ya sa su cikin aikin.

Abin da nake roƙo ba ya jiran gwamnati. Attajiran Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, waɗanda Allah Ya buɗa wa, sun iya gina masallatai, Allah Ya saka musu. Amma su tuna Zubaida matar Haruna Rashid, wadda har yau ake ambatonta saboda ruwan da ta jawo wa Makka da tafkunan da ta gina wa alhazai a hanyar Kufa, aikin da dukiya ba ta yi shi sai da muhandisai. Ƙungiyar 'yan kasuwa guda ɗaya tana iya kafa waƙafin da zai ɗauki nauyin 'yan mata da yaran gareji na Ƙaramar Hukumar Fagge, Musulminsu da Kiristansu, tun daga ajin lissafi na dare har zuwa rajistar COREN, hukumar da ke tantance injiniyoyi. Malamanmu kuma, Allah Ya gafarta muku, ku ne kuka gamsar da iyaye a kan likitanci har suka saki 'ya'yansu. Muna roƙon ku karanta musu wannan babi na Ihya'u a majalisin tafsiri da huɗubar Juma'a, ku faɗa musu a fili cewa yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajinta, barin ta ta karanci handasa sauke farilla ne.