Ƙarfen da Ba Ya Yin Ja

Ranar wata Talata da hantsi Alhaji ya shigo da motarsa gareji, yara suka bar abin da suke yi suka kewaye ta. A-kori-kura ce, amma ba irin Hilux ɗin da suka saba gani ba. Ta fi ta tsayi, ta fi ta faɗi, baƙa wuluk, an rubuta F-150 a gefenta. Ɗan Alhaji da ke zaune a Amurka ne ya saya masa ita ta hannu, aka ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa Legas. Wata uku ke nan yana zuwa gonarsa ta Kadawa da ita, sai jiya wani mai adaidaita sahu ya daki ƙofar direba ya lotsa ta.

"Ka ganta nan, duk girman nan nata ba ta da nauyin tashi," in ji Alhaji yana shafa ta. "Kuma yaron ya ce min ba ta tsatsa."

Oga, mai garejin, ya yi murmushi, don duk mai sabuwar mota haka yake faɗa. Ya duba lotsawar ya ce, "Ranka ya daɗe, ka dawo bayan la'asar."

Ba cika baki ya yi ba. Shekara ashirin da biyu yana buga bodi, kuma daga Ƙofar Ruwa har Kurna an san hannunsa. Motar da ta faɗa rami ta murɗe, shi ake kawo wa. Aibinsa ɗaya ne: in ya riƙe guduma ba ya son jin muryar yaro. Wanda ya yi magana ya sha tsawa, wani lokaci har da ranƙwashi.

A cikin yaran akwai wani ɗan shekara goma sha biyar, shiru-shiru, wanda bai fi wata takwas da zuwa ba. Gidansu maƙeran tukwane ne. Tun yana ƙarami yake hura wa mahaifinsa wuta ana narka gwangwanayen lemo da tsofaffin kawunan inji, ana zuba su a rairayi su fito tukunya. Yana da wani mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar sifika, wanda yake mannawa a jikin mota ya riƙa tara masa ƙusoshin da aka kwance. Ya manna shi a ƙofar F-150, ya faɗo. Ya sake mannawa, ya sake faɗowa. Ya durƙusa ya kai shi jikin shasi, nan take ya cafke. Sai ya ƙwanƙwasa ƙofar da ɗan yatsa, ya ji amon da ya sani tun daga gida.

"Oga..."

"Kai, riƙe min ƙofar nan ka rufe min baki."

Yaro ya riƙe ƙofa.

Oga ya fara bugu daga ciki. Baƙin ƙarfe in an lotsa shi kamar yana tuna yadda yake da can, kana taɓa shi ta inda ya dace sai ya taimaka maka ya koma. Wannan kuwa ya ƙi. Duk bugu ɗaya sai ya ƙara tauri. Oga ya share gumi ya ce a jawo masa tulun gas.

"Oga, wannan fa..."

Kallo ɗaya ya yi masa, yaron ya sunkuyar da kai.

Duk wanda ya daɗe yana gasa baƙin ƙarfe ya san yana magana. Yakan fara yin ruwan ƙasa, ya koma shuɗi, sannan ya yi ja, kuma ko ya yi jan da sauran tafiya, don sai zafi ya kai wajen digiri 1,500 yake narkewa. Jan nan Oga yake jira. Fenti ya ƙone, wurin ya yi fari, bai yi ja ba. Ya ƙara matso da wuta. Alminiyam, wanda tsofaffi ke kira goran ruwa, a digiri 660 yake narkewa, kuma da rana tsaka ba ya canza launi kafin nan. Wurin ya ɗan yi ƙyalli, ya yi laushi, sai ya zube kamar kitse. Rami ya buɗe a tsakiyar ƙofa, hannun mutum zai shige.

Garejin ya yi tsit.

Bayan la'asar Alhaji ya zo, ya tsaya ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya kira ɗansa ya buɗe muryar waya kowa na ji. Ɗan ya ce laifinsa ne da bai yi bayani sosai ba. Tun daga ƙirar 2015 kamfanin Ford ya mayar da jikin wannan mota alminiyam, ya bar shasi kaɗai a ƙarfe. Alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe, don haka motar ta rage kusan kilo 300, buhun masara uku ke nan da ba ta yawo da su kullum. Abin da aka rage a jiki sai ya koma ga kaya da sauƙin mai. A jihar Michigan inda ake ƙera ta, gishiri ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa cinye jikin motar ƙarfe yake yi. Amma ya ce ko a can ba kowane gareji ke taɓa ta ba. Wuri daban ake ware mata, da guduma daban da buroshi daban, domin ƙurar baƙin ƙarfe in ta maƙale a alminiyam ta samu laima, ta ƙarƙashin fenti za ta riƙa cin sa. Sassan jikin ma da gam da ƙusoshin ribit aka haɗa su, ba da irin waldar da aka saba ba.

A ganina babu ƙarya a cikin abin da ɗan ya lissafa, sai dai riba takan bi wurin da aka yi lissafinta. A Kano ba a watsa gishiri a titi, rani ya fi damina tsawo, motar ƙarfe takan tsufa ba tare da tsatsa ta huda ta ba. Abin da muke da shi da yawa shi ne cunkoso da gogayya, kuma a nan ne alminiyam ya fi tsada. Da ƙofar Hilux ce, kafin a sha shayi an kawo uku daga Ƙofar Ruwa a zaɓa. Wannan kuwa aka zagaye kasuwar kaf ba a samu ba. Sai daga Amurka, mako bakwai, a daidai lokacin ɗiban tumatir. Alhaji ya koma hayar mota. Oga ya ce rabin kuɗin ƙofa a wuyansa, bai jira an tambaye shi ba.

Da magariba, bayan kowa ya watse, ya kira yaron.

"Ɗazu me kake son faɗa?"

Yaro ya ciro mayen ƙarfensa ya nuna masa yadda yake faɗowa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin ka ɗauki guduma, Oga."

Oga bai ce komai ba na ɗan lokaci. Sannan ya ce, "Gobe ka kai ni wurin babanka."

Sun tarar da tsohon a gaban murhu, ruwan alminiyam na kwance a kasko fari fat kamar azurfa. Oga ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya faru bai rage komai ba.

"Ai ba baƙo ba ne a ƙasar nan," in ji tsohon. "Land Rover ɗin da Turawa da ma'aikatan En'e suka yi yawo da su, jikinsu shi ne. Tun 1948 aka fara su a Ingila, lokacin ƙarfe ya yi wuya bayan yaƙi. Na narka ƙofofinsu da yawa. Masu gyaran da, sabulu suke goga masa kafin su sa wuta, in sabulun ya yi baƙi su janye. Na yanzu ban san haɗinsa ba, kada ka gwada sai ka tambayi masu shi."

"Baba, ni ja nake jira."

"Ba ya yi. Zafin yana ciki, fuskarsa tana nan yadda take. Ka duba." Ya sa ludayi ya yaye saman kaskon, zafi ya bugi fuskar Oga har ya ja da baya. Tsohon ya dubi ɗansa da ke tsaye a bakin ƙofa. "Wannan bai gaya maka ba?"

"Ya so ya faɗa, Baba. Sau biyu."

Tsohon ya ci gaba da yaye kasko.

Ranar da sabuwar ƙofa ta iso, Oga ya sa aka share kusurwa guda ta garejin, aka shimfiɗa tabarma, ya ajiye sabuwar guduma da ya saya ya ɗaura mata jan ƙyalle don kada a haɗa ta da sauran. Ana cikin haka aka turo wata farar mota da gefenta ya lotse. Yara suka miƙo masa kayan aiki. Bai karɓa ba. Ya juya ya nemi yaron.

"Zo ka duba min ita tukuna. Me ka gani?"

Yaro ya ciro mayen ƙarfe daga aljihu, Oga ya tsaya yana jira.